Zaren Da Aka Auna Ni Da Shi

Kafin in fara, ku yi mini alƙawari ɗaya: kada wadda ta rubuto mini a ƙasa cewa in rage cin burodi. Wannan shawarar na ji ta daga bakin kowace mace a garinmu Gjakova, har da matar da ke sayar da burodin. Sunana Mirjeta, shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a shagon tabarau da ke bakin tsohuwar kasuwa. Saura sati bakwai bikina, kuma har zuwa Asabar ɗin da ta wuce, mutumin da zan aura rabonsa da ganin fuskata ta gaskiya tun biyu ga watan Janairu. Ba ni da wanda zan gaya wa wannan a gidanmu, shi ya sa na kawo muku.

Kada ku ɗauka dole aka yi mini. Ina son Besart, son da har haushin kaina nake ji. Yana aikin sa tagogi a Winterthur, can Suwizalan, kamar rabin samarin garinmu, ba ya zuwa gida sai a watan Agusta da kuma 'yan kwanakin sabuwar shekara. A Agustan bara aka yi mana baiko. Sati ɗaya bayan nan mahaifiyarsa, Teze Remzije (Teze shi ne inna a yarenmu), ta zo ɗaukar awona, tunda dangin ango ne ke ɗinka wa amarya kaya. Ita ba ta yarda da tef ɗin tela ba, da jan zare ta zo kamar yadda aka yi mata a zamaninta. Ta zagaya ƙirjina ta ƙulla, ta auna kafaɗa ta ƙulla, ta zagaya ƙuguna ta ƙulla, sannan ta ɗaga zaren sama tana nuna wa mata.

"Ku duba nan! Ƙugun zanzaro. Ɗana bai yi zaɓen tumun dare ba."

Aka yi guɗa, Nana, mahaifiyata, har da share ƙwalla. Daga gidanmu zaren ya wuce hannun mai surfani, wadda za ta yi wata goma tana zuba zaren zinare a kan jelek, 'yar sharar ƙaramiskin nan da amarya ke ɗorawa kan kayanta ranar da za ta tsaya gaban dangin miji tana gaida su. Jelek ba rigar da ake saki ko a rage ba ce. Yadda aka yanka ta, haka take har ki ba jikarki.

Tun kafin baikon ina fama da ciwon kai, na ɗauka tsayuwar shago ce. Wata rana mai kyamis ɗin kusa da mu ta gwada jinina don wasa, sai na ga ta daina dariya, ta sake gwadawa a ɗaya hannun. Ɗari da saba'in bisa ɗari da goma. Aka ba ni ƙwaya ɗaya, aka ƙara ta biyu, aka ƙara ta uku, jinin nan ko gezau. Ƙafafuna suka fara yi mini nauyi, hawa benen gidanmu sai na huta a tsakiya. Ƙishirwa kuwa kamar na yini a gona.

Da sanyi ya shiga sai fuskata ta fara cika. Da farko har yabo na sha, wai soyayya ta karɓe ni. Zuwa Maris kumatuna sun haɗiye ɗan ramin da Besart ke so, wuyana ya yi tudu ta baya, cikina ya turo, hannuwa da ƙafafu kuma suna ƙara sirancewa kamar ba jiki ɗaya ba. In na ɗan bugi gefen tebur sai wurin ya yi shuɗi sati guda. Wasu jajayen layuka masu duhu suka fito mini a gefen ciki. Al'adata ma ta ɗauke. Na cire zoben baikon da sabulu, na rataye shi a sarƙa.

Nan fa Halla Sabrije, yayar Baba, ta shigo maganar. Ita ce likitar danginmu, ba tare da ta taɓa shiga aji ba.

"Kitse ne kawai, ƙanwata," ta ce wa Nana, tana matsa cikina da yatsa kamar mai zaɓen kankana. "Ki hana ta burodi da mai. Kullum da safe kofi biyu na ruwan kabeji, wanda ya kwana a ganga cikin gishiri tun kaka. Da rana cukun Sharr mai gishirin nan da barkono mai tsami. Gishiri shi ke cinye kitse, ba ki ga yadda yake tsotse nama ba?"

"Halla, ni fa ba na ci da yawa."

"Kowace mai ƙiba haka take cewa, 'yar nan. Iska kike sha kika zama haka?"

Wata biyu ina shan ruwan nan. Nana na tsaye a kaina da hannu a ƙugu har sai ta ga gindin kofin. Su Baba na yagar burodi mai zafi a tebur, ni ina gefe da barkonona. Ban rage ko gram ɗaya ba, ciwon kan kuma ya koma kamar ana daka a ƙeyata.

Ga kuma waya. Kullum ƙarfe sha biyu, lokacin hutun Besart, sai ta yi ƙara.

"Zuciyata, kin ci abinci?"

"Na ci. Kai fa?"

"Sanwici a kan tsani. Kunna kyamara in gan ki minti ɗaya."

"Har yanzu ba ta gyaru ba."

"Wata biyar kyamara ba ta gyaru ba? In aiko miki da sabuwar waya?"

"Bar shi, na kusa zuwa gaba ɗaya ai."

Sai in shiga tsofaffin hotuna in zaɓo wanda bai taɓa gani ba, in tura. Shi kuma ya turo mini labulen da ya saya wa ɗakinmu, kore mai ratsin fari, da kofuna biyu a kan taga, ɗaya an rubuta M. Na fi minti goma ina kallon kofin nan a bayan kantar shago. Yana can yana gyara wa wata yarinya gida, yarinyar da ke cikin hotunan, ni kuma ina nan ina kishi da ita.

Ƙawayena na daina nemansu. Na gaji da yadda ido ke sauka kan cikina kafin ya hau fuskata. Daga shago sai ɗakina, daga ɗakina sai shago. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama a gida mai mutum shida ya ji kamar shi kaɗai ne a duniya ba.

A watan Mayu ƙafata ta riƙe a kan bene, na zauna na kasa tashi. Washegari na ce wa Nana maigidan shagonmu ya aike ni babban birni, Prishtina, karɓo kaya, na hau bas ni kaɗai na nufi asibiti. Sau huɗu na yi wannan ƙaryar. Aka ɗebi jini, aka ba ni wata ƙwaya in sha kafin barci a sake ɗiba da safe, aka saka ni cikin injin hoto. Har wata jarka aka ba ni in tara fitsarin yini da kwana. Ku tambaye ni inda na ɓoye ta. A ƙasan durowa, bayan tawul-tawul ɗin da Nana ta yi shekara goma tana yi wa baki da kwarashi saboda kayan ɗakina. Allah ya yafe mini.

Likitar, Dakta Valbona, mace ce mai furfura da gajeren gashi, ba ta da yawan murmushi amma tana kallon mutum cikin ido. Ta juyo mini da allon, ta nuna wani ɗan ɗigo da bakin biro.

"Kin ga nan? Kowace ƙoda tana da wani ɗan nama zaune a kanta kamar hula. Na hagunki ya yi ƙari, bai kai goro ba, kuma ba irin mai yaɗuwa ba ne. Shi ke zuba wani sinadari, aldostiron, fiye da kima. Yana sa jiki ya riƙe gishiri, jini ya hau, ki riƙa zubar da sinadarin fotasiyam a fitsari, shi ya sa ƙafafunki ke mutuwa."

"To ƙibar fa, Dakta?"

"Ita ce ta sa na ƙara gwaji. Mutane da yawa masu wannan ciwon, ƙarin ba abu ɗaya yake zubawa ba, yana haɗawa da wani sinadarin, kotizol. A wasu kaɗan ne, sai gwaji ke nunawa. Naki ya yi yawan da ya fito a fuska. Shi ya tara miki kitse a ciki da wuya, ya sirantar da fatarki, ya ɗaga sukarinki, ya ɗauke al'adarki. In aka bar shi zai taɓa ƙashi da zuciya." Ta cire tabarau. "Me kike ci a gida?"

Na gaya mata. Ta ajiye biron a hankali.

"Ruwan kabeji. Kofi biyu. Ga mai wannan jinin." Ta rufe ido na ɗan lokaci. "'Yata, wuta ake kashewa da fetur a gidanku. Daga yau ko ɗigo."

"Ke nan ba laifina ba ne?"

"Ko ruwa zalla kike sha haka za ki zama."

Wallahi a nan na fashe da kuka, kukan da ban yi ba tun Janairu. Ba don tsoro ba. Mutum ɗaya a duniya ya ce ba ni na yi wa kaina ba, kuma baƙuwa ce mai farar riga.

Ta ce za a cire naman gaba ɗaya ta ƙananan huji, ta ba ni ranar ashirin da tara ga Yuli. Bikina uku ga Agusta. Ta ce bayan aikin na daman zai ɗau watanni kafin ya farka, don ya daɗe yana barci ɗan'uwansa na aiki, saboda haka zan riƙa shan kotizol ɗin a ƙwaya, in yawo da kati a jaka, in na yi wasa da shi ko zazzaɓi zai iya kayar da ni. Fuskar za ta sauka, amma a hankali. Ciki kuma kada in kuskura in ɗauka yanzu.

Na sami Nana a kicin tana murza ƙullun fita, wani gashin fulawa na garinmu. Na ajiye mata takardun a gefen faranti, na faɗa mata komai. Ba ta taɓa takardun ba. Ta je ta rufe ƙofa, ta rufe taga.

"Wa kika gaya wa?"

"Ke kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Ko babanki kada ya ji."

"Nana, yanka ni fa za a yi."

"A yanka ki a can! A yi biki, ki bi mijinki, bayan wata biyu ki ce kin fara rashin lafiya. Likitocinsu ma sun fi. Kin manta 'yar Teze Hajrije? Sau ɗaya ta faɗi a gidan biki, sau ɗaya tak, kafin sati aka aiko karɓar zobe. Shekararta talatin da takwas yanzu tana wanke wa matan ƙannenta kwanuka. Remzije ɗa ɗaya gare ta, jika take jira tun kafin a haife ki. Ki ce mata amaryarta mai yanka a ciki ce, mai yawo da ƙwayoyi, wadda aka hana haihuwa?"

"Ba a hana ni ba, an ce in jira."

"A bakin matan garin nan duk ɗaya ne."

Ta koma kan ƙullunta, hawaye na ɗiga a bayan hannunta tana murzawa da su. Kada ku zage ta. Tsoro ne, kuma ni take ji wa. Ruwan kabejin dai ta daina ba ni, ta ce wa Halla gangar ta ƙare. Amma daga ranar ba ta sake ambaton maganar ba, kamar ban taɓa faɗa ba, kuma wannan shirun ya fi mini ruwan kabejin ɗaci.

To, rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Asabar ɗin da ta wuce Teze Remzije ta bugo cewa jelek ta fito, za ta kawo a gwada bayan azahar. Rabonta da ni tun Fabrairu, don duk zuwan da za ta yi sai Nana ta ce ina shago.

Nana ta ɗaure ni da wata ɗamarar roba da ta aro, tun daga ƙarƙashin ƙirji har ƙugu, tana ja ina riƙe da ƙofar durowa. Ta sa ni doguwar riga ruwan toka mai faɗi, ta sako mini gashi ya rufe kumatu, ta shafa mini hoda mai duhu a gefen fuska yadda ta gani a waya. Halla Sabrije ta zo tun da hantsi ta kama kujerar da ta fi kyau.

Na shigo da shayi a ƙananan kofuna. Teze Remzije ta ɗago. Murmushinta bai ɓace ba, tsayawa ya yi wuri ɗaya.

"Amaryata. Kin... kin yi kyau. Kin cika."

"Hutu ne," in ji Nana da sauri.

"Na ce a hana ta burodi," in ji Halla.

Aka buɗe farin ƙyallen. Ban taɓa ganin abu mai kyan jelek ɗin nan ba. Ƙaramiski ja mai duhu, zinare ya bi gaba da baya kamar reshen inabi, maɓallai ƙanana guda goma sha biyu. A cikin aljihun ƙyallen ga jan zaren nan da ƙulle-ƙullensa, mai surfani ta dawo da shi. Teze Remzije ta ce mu shiga ɗaki, ita za ta sa mini da hannunta. Nana ta biyo mu.

Hannu ɗaya ya shiga. Na biyu ya shiga da ƙyar. Ta kamo gaban biyu za ta haɗa, tsakaninsu ya fi tafin hannu. Ta ja, na riƙe numfashi har na ga duhu-duhu. Sai yatsunta suka ji robar. Ba ta tambayi kowa ba, ta ɗaga rigata, ta ɓalle ɗamarar. Cikina ya sauko, da jajayen layukansa, a gaban uwar mijina.

Teze Remzije ta zuba masa ido. Na ga leɓɓanta na motsi, yatsunta na lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya. Janairu, Fabrairu, Maris. Sai fuskarta ta saki, ta dafa cikin da tafin hannu, ta rage murya.

"Na sabuwar shekara ne ko? Kai, yaran zamani! Ja'irin yaro, bai gaya mini ba." Har da 'yar dariya. "Kada ki ji kunya, 'yata, ba a kanki aka fara ba. Jininmu ne. Sai a matso da bikin, a sa miki farar riga mai faɗi, jelek ta jira bayan haihuwa. Yau ɗin nan zan kira shi in ja masa kunne."

Na juya na kalli Nana. Ta san gaskiya, ta san ni da Besart ko ɗaki ɗaya ba mu taɓa zama mu biyu ba. Jira nake ta ce a'a. Sai ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanen gado. Uwata ta gwammace a ce na yi cikin shege da a ce ba ni da lafiya. Kuma ba ta tsaya ta yi tunanin abin da Besart zai ji ba in uwarsa ta kira shi da albishir ɗin cikin da ya san ba nasa ba ne.

Ban san inda na samo muryar ba.

"Teze, ba ciki ba ne."

"Mirjeta!" in ji Nana.

"Ciwo ne. Ƙari gare ni a kan ƙoda, shi ya kumbura ni. Za a yi mini aiki ranar ashirin da tara ga Yuli, ba zan iya tsayuwar biki ranar uku ga Agusta ba. Zan sha magani wata da watanni. Haihuwa sai likita ta ba da izini. Besart bai sani ba, tsofaffin hotuna nake tura masa."

Ta janye hannunta daga cikina. A hankali ta janye, amma na ji shi har raina.

Na cire jelek ɗin na miƙa mata. Na buɗe akwatin ɗinkin Nana, na warware farin zare, na zagaya ƙuguna ba tare da na riƙe numfashi ba, na ƙulla, na yanke da almakashi. Na shimfiɗa shi a kan tebur kusa da jan. Ya fi shi da kusan taƙi guda.

"Wancan awon wata ce, Teze. Wannan ne nawa na yau. In da wadda kuke so a cikinmu, ku zaɓa da ido buɗe."

Ta kalli zaren biyu. Ta naɗe jelek ɗin cikin ƙyallensa, ta saka a jaka, kuma kowa a garin nan ya san ma'anar kayan amarya su koma inda suka fito. Ta fita ba ta ƙarasa shayinta ba. Halla Sabrije, da ta ji komai ta jikin ƙofa, tana ta salati tana neman takalminta, na san kafin la'asar labarin ya isa ƙetaren kogi. Nana ta shige kicin ta rufe.

Na zauna a bakin gado ni kaɗai, rana na shigowa ta labule, babu wanda ya leƙo. Can na kai ido kan tebur. Jan zaren na nan inda yake. Farin babu. Na duba ƙasa, na duba ƙarƙashin gado, babu shi. Teze Remzije ce ta tafi da shi. Ko wurin mai surfani za ta kai a yanko sabon ƙaramiski, ko ɗanta za ta nuna wa ta ce ga abin da aka so a liƙa maka, wallahi ban sani ba.

Ƙarfe biyar saura wayata ta yi ƙara. Saƙon Besart ne, kuma ba lokacin hutunsa ba ne.

"Mama ta kira ni."

Na zuba wa rubutun ido. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ba na son hoto. Kunna kyamara, Mirjeta. Na san lafiyarta ƙalau."

Sai kiran ya shigo. Na tashi na jiƙa tawul, ɗaya daga cikin na kayan ɗakin, na goge hodar Nana tas. Na tattare gashina baya na ɗaure, kumatun da wuyan duk suka fito fili. Na je bakin taga inda haske ya fi yawa, don kada ya ce bai gani da kyau ba. Zobensa na lilo a sarƙar wuyana, na danna koren maɓallin amsa kira.